Ka zo kurmi da ƙafarka kana kuka da kwaɗi, haba jama'a!

Wallahi yau an kai ni bango. Na idar da sallar asuba na duba waya sai na tarar wani bawan Allah ya ba otal ɗinmu da ke Ghana tauraro biyu a shafin nan da ake kama ɗaki ta intanet, dalilinsa wai kwaɗi sun hana shi barci. Kwaɗi fa! Mutum ya hau jirgi tun daga Jamus ya sauka Akra, ya sha zaman mota har Cape Coast, ya ƙara wajen kilomita 30 ya shigo bakin kurmin Kakum, shi da hannunsa ya zaɓi otal ɗin da hotonsa bishiya ce gaba da baya, sannan gari ya waye yana kuka da kwaɗi. To ni in yi yaya, in bi su fadama ɗaya bayan ɗaya in ce don Allah ku rage murya Bature na barci?

Ɗaki takwas ne duka-duka wajen, na kawuna ne da ya daɗe a zangon Kumasi, shi ya taso ni daga Kano shekara huɗu da suka wuce wai in zo in riƙe masa. Abokai a gida in suka ga na ɗora hoto sai su dinga cewa manaja manaja, kana ƙasar waje kana hutawa. Ganin kitse kuke wa rogo wlh.

Ku bar batun baƙi tukuna, laima kaɗai ta isa ta sa mutum hawan jini. A Kano ka shanya zanin gado ka shiga wanka ka fito ya bushe ƙarau, nan kuwa in watan Yuni ya kama sai zani ya kwana uku a kan igiya yana nan jiya i yau, ka ɗauko ka goge ka shimfiɗa, baƙo ya shinshina ya ce ɗaki na wari. Takalmin fata in ka bar shi sati biyu a ƙarƙashin gado sai ka same shi ya yi kore shar da fumfuna. Shaddata sabuwa dal da na ɓoye ta babbar sallah, ranar idi na buɗe akwati na ga ta yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar zabuwa, da jallabiya na je masallaci. Gara kuma ba ta sallama, ta ciki take cin katako ta bar maka fenti tsaye, ranar da ƙafar gadon ɗaki na biyar ta karye da wani ƙaton baƙo a kai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai wuta. Mutanen nan har suna suka raɗa wa ɗauke wuta, dumso, wato kashe-kunna da yaren Twi, kuma har yau suna ba da labarin wahalar da aka sha a 2015. Amma mu namu dumson na daban ne, iska kaɗan za ta taso reshe ya faɗo kan waya shi ke nan mun shiga duhu, ka kira masu gyara su ce suna hanya, hanyar nan sai ta ɗauke su kwana biyu. Ka koma kan janareta, shi kuma man dizal yake sha kamar raƙumi ya samu rijiya. A 2022 da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekara, kuɗin ɗakin da aka biya ni tun wata uku baya ko man kwana ɗaya ba ya saye. Akwai satin da janaretan ma ya tsaya, makanikin ya ce in tura masa kuɗin mota ta waya, na tura, ya kashe wayarsa, kifi da kajin da na cika firiza da su daga kasuwar Kotokuraba duk sai rami muka haƙa muka binne.

Amma daren kwarkwasa shi ne ba zan manta ba. Wajen ƙarfe biyu na dare na ji ihu daga ɗaki na uku, na fito da gajeren wando da tocila, ina haska ƙasa na ga baranda ta zama baƙa wuluk tana motsi, layi ne guda mai faɗin tafin hannu ya fito daga daji ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya hau bango. Matar tana tsaye a kan katifa ta rungume jakarta, mijin yana ta buga ƙafa yana tsalle, abin da bai kamata ya yi ba ke nan don kana taka su suke watsewa su hau ka. Mai gadinmu, wani dattijo ɗan garin, ko a jikinsa, ya ce min manaja kwashe baƙin ka kai wani ɗaki, waɗannan wucewa za su yi, kafin asuba sun share maka kyankyasai kyauta. Muka zagaye sauran ɗakuna da toka da kananzir, ni dai cizo na sha har inda ba a faɗa. Da safe babu ko ɗaya, ɗaki tas. Na yafe musu kuɗin daren, na ba su karin kumallo kyauta, Mma mai yi mana girki ta soya musu ƙosai ta dama koko, suka cinye har suna neman ƙari. Mma na dariya tana ce min matar nan ya ji tsoro ƙwarai, don Hausar zango ba ruwanta da ya ko ta, kowa ya ne. Bayan kwana huɗu sharhi ya fito, tauraro ɗaya, wai otal ba tsafta.

Na rubuta wa masu shafin na yi bayani tiryan-tiryan har da hotuna, amsar da ta dawo ko mutum bai karanta ba, na'ura ce ta ce min sharhin bai saɓa ƙa'ida ba. Amma kamashonsu na kashi 15 a kan kowane ɗaki ba ya taɓa makara ko da minti ɗaya. Su ba su san gara ba, ba su san caɓin hanya ba, ba su taɓa hawa tanki da dare don famfo ya ƙi kawo ruwa ba, suna can cikin sanyin na'ura suna yankar rabonsu.

Wani kuma giwa ya zo gani, da bai gani ba ya ce in mayar masa da rabin kuɗinsa. Malam, giwayen kurmi suna nan, amma dajin nan ya kai murabba'in kilomita 375 kuma giwar kurmi ba ta son ido, wanda ke ganinta shi ne manomin da ta shiga gonarsa da dare ta tumɓuke rogo ta tattake masara, shi ya sa za ka ga sun kewaye gona da tsumma da aka shafe da barkono da baƙin mai. Je ka tambaye shi ko yana murnar ganin giwa.

Mafi yawan masu zuwa ma ba kwana suke ba. Gadar igiyar nan da aka buɗe a 1995, gadoji bakwai a rataye can saman bishiyoyi, ita suke zuwa hawa, su yi hoto suna makyarkyata, su koma Cape Coast ko Elmina su kwana a bakin teku. Mu sai dai su tsaya su shiga bayi, su tambayi lambar wayfai, mutum goma sha biyu su sayi ruwan gora biyu.

Jiya na kira Kawu na ce Kawu don girman Allah a ƙaro min batirin sola ko a sallame ni in koma Kano. Ya ce ɗana yi haƙuri, Disamba na zuwa, tun 2019 ai ka san yadda baƙi ke cika ƙasar a ƙarshen shekara. Na ce Kawu yanzu fa muna Yuni. Ya ce layin ba kyau ba ya ji na sosai.

Yanzun nan ma da nake rubutun nan saƙo ya shigo, wata ce za ta zo da ƙawayenta uku sati mai zuwa, tana tambaya ko akwai ƙwari a wajenmu. Ga hadari can ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas kuma zannuwan gado goma sha shida na kan igiya, bari in ruga.