Hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke miƙo mana faranti

A wani gidan abinci da ke kusa da tashar mota a Kano, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin ba shi kaɗai ke da wannan hali ba, na zauna ina jiran shinkafa da miya ina kallon yaron da ke raba abinci. Cikin ɗan lokaci ya karɓi kuɗi a hannun wani direba, ya lashi yatsa ya ƙirga canji, ya ja tsumman da ke kafaɗarsa ya goge tebur, ya share gumin goshinsa da shi, sannan ya ɗauko farantina da babban yatsansa a nutse cikin miya. Da wani ya ce a ƙulla masa nasa, sai ya hura ledar da baki domin ta buɗe. Babu wanda ya ɗaga kai, kuma ni kaina na cinye abincina ban ce uffan ba.

Uzurin da muka saba ji shi ne wuta ta kashe komai. Gaskiya ne wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma aikinta yana ƙarewa ne da zarar an sauke tukunya, kuma duk abin da ya hau kan abinci tsakanin tukunya da bakin mai ci, babu sauran wutar da za ta ƙone shi. Taifot da kwalara da wani nau'in ciwon hanta duk hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gida zuwa hannu ko ruwa, daga nan zuwa baki. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 600 ke kamuwa da cuta duk shekara ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu suna mutuwa, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar wannan nauyi idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai yaɗa cutar yana iya kasancewa garau. A birnin New York na Amurka, a 1907 aka gano cewa wata mai dafa abinci, Mary Mallon, tana ɗauke da ƙwayar taifot ba tare da ko zazzaɓi ba, alhali gidajen da ta yi wa aiki suna ta kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka fara'ar mai raba abinci da farar rigarsa ba shaida ba ce.

Duk da haka, ina ganin zalunci ne a ɗora wa wannan yaro laifin shi kaɗai. Wanda ya san harkar ya san cewa a yawancin irin waɗannan wurare ruwa sayensa ake yi jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, don haka mai gidan abinci yana lissafin kowane kofi. Daro ɗaya ne ake tsoma faranti bayan faranti tun hantsi har sai ruwan ya yi kauri da maiƙo. Idan akwai makewayi, da wuya a ga sabulu a bakinsa, sai buta kawai. Sannan yaron da ake biya kullum-kullum, wanda ya san ranar da bai zo ba babu ko sisi, zai fito aiki ko da ya kwana yana gudawa, kuma ba zai gaya wa kowa ba. Wanda ya tsara aikin haka shi ne ya kamata a fara tuhuma.

Wasu gidajen abinci na zamani sun koma sanya wa ma'aikata safar hannu ta roba, abin da nake kallo a matsayin rufa ido matuƙar da safar nan ake karɓar kuɗi, a taɓa waya, a koma kan nama. Gyaran da ya fi amfani ya fi haka araha: a ware mutum ɗaya ga kuɗi wanda ba ya taɓa abinci, a ajiye bokiti mai famfo da sabulu inda ma'aikata za su wanke hannu na aƙalla daƙiƙa 20, a raba tsumman tebur da na faranti, a kuma bar mai gudawa ko amai ya huta ba tare da an yanke masa kuɗin yini ba.

Dattawa suna tuna zamanin da shigowar duba-gari unguwa ke sa kowa ya leƙa randarsa. Jami'an tsaftar muhalli suna nan har yau a ƙananan hukumomi, sai dai a wurare da yawa an fi ganinsu ranar karɓar kuɗin takarda. Bayan annobar kwalara ta 2021, wadda ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya kuma ta fi tsanani a jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara, ya kamata jami'in da ya shiga gidan abinci ya wuce teburin mai gida, ya zagaya baya ya duba ruwan daron nan da idonsa, ya kuma tambayi inda sabulu yake.