Ku daina tambayarsu mutum nawa suka tubar

Duk matashin da aka tura wa'azi wata ƙasa, ranar da ya dawo ba ya gama ajiye jaka sai an jefo masa tambaya: "To, mutum nawa suka karɓi bishara ta hannunka?" Wannan tambaya tana sosa mini rai. A ganina ta fi zazzaɓi da kewar gida yi wa yaran nan illa.

Bari in ɗauki 'yan cocin Mormon, masu hedikwata a Salt Lake City ta jihar Utah a Amurka. Akwai tazara mai yawa tsakanin aƙidata da tasu, amma tsarinsu a rubuce yake, kowa na iya dubawa. Saurayi yana iya fita tun yana ɗan shekara 18, ya yi wata 24. Budurwa wata 18 take yi. Ba su ke zaɓar inda za su ba, takarda ce ke zuwa ta ce kai Biraziliya, ke Koriya. A ba su horo na 'yan makonni a cibiya irin ta Provo ko ta Akara, sai jirgi. Babu albashi, hasali ma yaron da iyayensa da 'yan cocinsu ne ke haɗa kuɗin zamansa. Wanda ya san 'yan Tabligi masu fita kwana 40 ko wata 4 da guzurinsu, abin ba zai zame masa baƙo ba.

Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne tashi ƙarfe 6:30, addu'a, motsa jiki, karatun nassi, koyon harshe, sannan fita har dare, a kwanta 10:30. Ba talabijin, ba zance, ba iyo. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Yanzu ku dube shi a bakin ƙofar wani. Farar riga ta manne masa a baya don gumi, dundunen takalmi ya cinye ta gefe ɗaya, takardun cikin jakarsa sun yi laushi. Tun safe yake bitar gaisuwar da ya haddace. Matar gida ta buɗe, ya karanto mata tiryan-tiryan, ita kuwa ta mayar masa da magana da sauri kamar yadda take yi da maƙwabta. Ko kalma ɗaya bai kama ba. Ya yi murmushi, ta rufe ƙofa. Mutumin da ya yi musu alkawarin ƙarfe 4 kuma sun je sun tarar da kwaɗo. Yawancin kwanakin ɗan mishan ke nan, kuma babu mai ɗaukar hotonsu ya aika gida.

Sai abokin aiki, wanda nake ganin ya fi komai wuya. Bibbiyu ake tura su, kamar yadda Yesu ya aiki almajiransa, kuma doka ce kada ɗaya ya ɓace wa ɗaya da gani sai a bayan gida da wanka. Ba kai ka zaɓe shi ba. Wataƙila ƙasarku ba ɗaya ba, yana minshari, ba ya wanke tukunya, yana ganin ya fi ka kusa da Allah. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Duk mako 6 ake duba sauyin wuri, to kafin nan sai ka durƙusa ka yi addu'a kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ɗazu kuka gama cacar baki. Kuma har zuwa Fabrairun 2019, sau biyu kacal a shekara aka yarda su kira gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata. Yanzu kowane mako ne. Na ji masu cewa an sangarta su. Ni ban ga abin da jin muryar uwa zai rage wa ibada ba.

A irin wannan zama ne bangaskiya ke shan gwaji, shiru-shiru. Yaro ya taso yana jin cewa in ya ba Allah shekara biyu zai ji daɗi a zuciya kullum, sai ya wayi gari yana addu'a yana jin kamar shi kaɗai yake magana. Ba laifinsa ba ne, ba kuma shi ne farau ba. Uwa Teresa, sistar Katolikan da ta yi suna wajen kula da matalauta, ta bar garinsu Skopje a 1928 tana 'yar shekara 18, ta isa Indiya a 1929, ba ta sake ganin mahaifiyarta ba har abada. Sai a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta, wasiƙunta suka fito, duniya ta ga cewa ta yi shekaru da dama tana jin Allah ya yi mata nisa, kuma duk da haka tana tashi da asuba ta je wurin marasa lafiya. Da an ba ta fom ta cike kowane mako, a wane layi za ta rubuta wannan?

Ga inda lissafi ke kai mutane. A farkon shekarun 1960, matsin cika adadi ya sa wasu 'yan mishan na Mormon a Ingila suka riƙa tara yara da sunan wasan besbol suna yi musu baftisma, wasu yaran ba su ma san abin da suka shiga ba. Daga baya cocin da kansa ya koma yana goge sunaye daga rajista. Su ma 'yan mishan da suka yi baftismar ai yara ne. Manya suka ce a kawo lamba, suka kawo.

Ƙishirwar babban labari ma 'yar'uwar lissafi ce. John Allen Chau, ɗan Amurka mai shekara 26, ya shiga tsibirin Sentinel ta Arewa don yin wa'azi a Nuwamban 2018, alhali dokar Indiya ta hana kowa kusantar mutanen wurin, don ko mura ce baƙo ya kai musu tana iya yi musu mummunar ɓarna. Suka harbe shi da kibiya. Ban yi shakkar gaskiyar zuciyarsa ba, amma ban yarda da masu kiran wannan jarumta ba. Na fi ganin girman Hudson Taylor, ɗan mishan daga Ingila, wanda ya sauka Shanghai ta ƙasar Sin a 1854 yana ɗan shekara 21, ya zauna ya koyi harshe, ya sa tufafin mutanen Sin, ya yi kitso irin nasu, 'yan'uwansa Turawa suna yi masa dariya. Ya yarda cewa shi baƙo ne, dole ya fara da sauraro.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu dawowa kafin wa'adi, saboda ciwo ko damuwar da ta fi ƙarfinsu. Ba wanda ke tarbarsu da waƙa. A coci sai a riƙa kallonsu a kaikaice, tsofaffi na raɗa wa juna, iyaye na ƙirƙiro uzuri. Yaron da ya yi wata 8 ana rufe masa ƙofa a fuska cikin harshen da bai iya ba, sai ya dawo ya zauna a bencin baya, ya fice tun ba a yi addu'ar sallama ba don kada wani ya tare shi da tambaya. Wasunsu daga nan suke daina zuwa cocin gaba ɗaya, kuma waɗanda suka tura su ba sa ko bin sawu.