Ma'aikatan nesa: zumunci ma yana da kasafin kuɗi

A watan Satumban 2021 mujallar Nature Human Behaviour ta buga wani bincike da aka yi kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka, lokacin da korona ta kora kowa gida. An gano cewa mutane sun ƙara manne wa 'yan sashensu, kason lokacin da suke ba mutanen wasu sassa kuwa ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari.

Duk wanda ya taɓa zaman ofis ya san abin da ya salwanta a nan. Akwai mutumin da kuke haɗuwa wajen alwala ko teburin mai shayi, aiki bai taɓa haɗa ku ba, amma ran da takardarka ta maƙale a sashen kuɗi shi za ka kira. Irin wannan sabo, ginin ofis ne yake samar da shi kyauta. Da aka rufe ginin, sai ya zama dole wani ya ɗauki nauyinsa, kuma a ganina shugaba ne, da lokacin kamfani da kuɗin kamfani.

Shugabanni da yawa sun nemi hanya mai araha. Sai a kira taron nishaɗi a Zoom bayan an tashi aiki, a ce kowa ya kunna kyamara, a yi ta kacici-kacici. Ka dubi matashin da ke Kano ko Kaduna yana yi wa wani kamfanin Turai aiki: datarsa ce ke ƙonewa, man janaretansa ne ke tafiya, wataƙila ma taron ya faɗo daidai magariba ko lokacin shan ruwa. Zai zo, zai yi murmushi, domin oga na kallo. Da wuya ya tashi da aboki.

Kamfanin manhajar kwamfuta na GitLab, wanda ba shi da ofis kuma ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe da dama, ya bi ta wata hanyar. Ya rubuta a kundin ƙa'idojinsa cewa ma'aikaci ya riƙa kiran wani abokin aiki su yi hirar shan shayi ta kusan minti 25, hirar da ba sai ta shafi aiki ba, kuma ana buƙatar sabon shiga ya yi hakan da mutane da dama a farkon zuwansa. Abu biyu suka burge ni. Hirar ta mutum biyu ce, inda mai kunya ma zai iya buɗe baki. Sannan a cikin lokacin aiki ake yin ta, wato kamfani ya yarda cewa gaisuwa ma aiki ce. Mu da ba ma shiga magana sai mun tambayi gida da iyali da gajiya, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, amma sau nawa ka ga shugaba ya buɗe taron intanet da "sai mu fara" ko sallama bai gama amsawa ba?

Duk da haka allo yana da iyaka, zumunta a ƙafa take. Kamfanin Automattic, masu dandalin gina shafukan intanet na WordPress.com, sun rufe ofishinsu na San Francisco a 2017 saboda kusan ba mai zuwa, amma sun yi shekaru suna tara dukan ma'aikata wuri ɗaya sau ɗaya a shekara, ƙananan rukunoni kuma su haɗu daban. Wanda kuka ci abinci kwano ɗaya, in ya turo saƙo a gajarce gobe, ba za ka ɗauka raini ne ba.

Za a ce wannan sai manyan kamfanoni. To, ƙaramar ƙungiya mai mutum goma tsakanin Kano da Abuja da Legas, wadda ba ta biyan hayar ofis, ina kuɗin hayar ya tafi? Kuɗin mota da masauki na kwana biyu sau ɗaya ko biyu a shekara bai fi ƙarfinta ba. Za a kuma ce wasu albashi kawai suka zo nema, suna da abokansu a majalisar unguwa. Gaskiya ne, kuma a ƙyale su. Kada rashin zuwa hira ya shiga lissafin ƙarin girma.

Inda nake auna shugaba shi ne ranar rasuwa ko suna. Saƙon ta'aziyya a zauren WhatsApp, kowa ya manna hoton hannu biyu a ƙasa, bai wadatar ba. Ya ɗaga waya ya kira da bakinsa, ya rage wa mutumin aikin makon. In akwai abokin aiki a gari ɗaya ko kusa, a ba shi hutun ranar da kuɗin mota, ya je ya zauna a tabarmar makoki a madadin sauran.