Baburan Iyayenmu Sun Ƙare a Sikelin 'Yan Gwangwan

A Ingila, idan babur ya cika shekara 40 da ƙerawa, mai shi na iya rubuta shi a rukunin kayan tarihi, gwamnati ta ɗauke masa harajin hanya. Tun daga 2018 kuma aka ɗauke wa irin waɗannan gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, wanda suke kira MOT, muddin ba a sauya musu kama ba. Ana ganin wanda ya iya riƙe mashin tsawon wannan lokaci ba sai an tsaya a kansa ba kafin ya duba birkinsa. A wajenmu kuwa, babur mai shekara 40, in ma ya kai, yana jingine a bayan ɗaki kaji na kwana a ƙarƙashinsa, ana jiran ɗan gwangwan ya zo da kurarsa ya ɗora shi a sikeli.

A Bamingam nake zaune, ba nisa da unguwar Small Heath, inda masana'antar BSA take a da. A shekarun 1950 babu kamfanin da ya kai ta ƙera babura a duniya, amma baburan Japan suka zo suka kashe mata kasuwa, ta durƙushe a 1973. Yau unguwar masallatai ce da shagunan naman halal. Kamfanin ya mutu, baburansa ba su mutu ba. Duk ranar Lahadin da rana ta fito za ka ji ƙararsu a hanyoyin ƙauye, dattawa masu furfura a kai, kuma kusan kowannensu shi ke gyara abinsa a ɗan ɗakin katako da ke bayan gida.

Ni ma ina da nawa, ko da yake ba ɗan Ingila ba ne. Honda C90 ce ta ƙarshen shekarun 1970, kakar waɗannan da muke kira roba-roba a gida. Zama da ita ne ya sa na gane cewa ba iya gyara Bature ya fi mu ba. Ya fi mu ne a abu guda: shi mai babur ɗin yana riƙe sifana da hannunsa.

Bari in fara ba makanikanmu haƙƙinsu, don na gaji da jin 'yan uwanmu mazauna Turai suna raina su. Je ka gindin darbejiya a kowane gari, daga Gusau har Damagaram, ka tsaya ka kalli bakanike na aiki. Zai cire fulogi, ya jingina shi a jikin inji, ya sa yaronsa ya buga kik, daga launin tartsatsin ya san ko matsalar wuta ce. Zai kafa bakin sukudireba a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya ce maka, "Alhaji, ba fistin ba ne, bawul ne ke kuka." In gasket ya yage babu na sayarwa, zai ɗora kwali a bakin ƙarfen, ya bi gefensa da ɗan guduma a hankali har ya fitar da sabo. A Panteka ta Kaduna ko Katako ta Yamai, abin da babu shi a kasuwa ƙera maka shi za a yi kana tsaye. A nan kuwa, gareji da yawa ba sa ma karɓar tsohon babur. Matashin makaniki ya saba da jona kwamfuta ta faɗa masa inda ciwon yake, bai taɓa saita kwantak ba, kuma da awa ake lissafin kuɗin aikinsa, abin da za ka biya ya iya fin kuɗin babur ɗin. Saboda haka kada wani ya ɗauka tsabar son aiki ce kaɗai ta koya wa Bature gyara. Har da tsada.

To amma arhar aiki a wajenmu ta haifar da wani ciwo. Mai babur bai san komai game da abin da yake hawa kullum ba. Sarƙa ta saki, sai wajen bakanike. Fulogi ya yi baƙi, sai wajen bakanike. Kuma ba ya zuwa sai mashin ya tsaya cak, ya turo shi yana gumi. Akwai kuma girman kai a ciki, mu faɗi gaskiya: malamin makaranta ko ma'aikacin ofis yana jin nauyin a gan shi tsugune a ƙofar gida hannu duk baƙin mai, kada maƙwabta su ce abin ya kai ga haka. Shi kuma bakanike, da ya san mai mashin sauri yake yi kuma ba zai biya kuɗin aiki mai kyau ba, sai ya yi gyaran da zai kai shi gida yau. Noti ya ƙi kwancewa, a sa masa guduma. Zare ya cinye, a ɗaure da waya. Ƙafa ta karye, a kai wa mai walda ya like ta har abada. Kowane gyara yana rage wa mashin kwana, kuma ba laifin mutum ɗaya ba ne.

Ga ƙaramin misali. Sukurorin da ke jikin tsofaffin injinan Honda da Yamaha da Suzuki, masu kan gicciye, an yi su ne bisa ma'aunin Japan, ramin kansu ya ɗan bambanta da na sukudireban da aka saba saya a kasuwa. In ka sa musu na kasuwa, yana zamewa ya cinye kan. Shi ya sa da wuya ka ga tsohon inji a gida wanda sukurorinsa ba su sha sara ba. Sukudireba guda ɗaya na daidai da ya hana wannan ɓarna.

Kamfanin Honda ya daɗe da sanin halin irinmu. A tsakiyar shekarun 1970 injiniyoyinsa sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka tarar mutane na lafta wa babur kaya, ba sa canza baƙin mai sai ya zama kwalta, ba sa zuwa gyara sai inji ya buga. Maimakon su yi wa'azi, sai suka ƙera CG125 a 1975, da inji mai jure ƙazamin mai, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan injin ne kamfanonin Sin suka kwaikwaya suka cika mana kasuwa da shi. Wato an ƙera mana mashin mai haƙuri da sakaci, mu kuma muka ɗauki haƙurinsa a matsayin izini.

Abin da ke cin babur a nan daban ne da abin da ke cin sa a gida, kuma a nan ne abin ke ba ni takaici. A Ingila tsatsa ce. Damina ba ta da ranar ɗaukewa, da sanyi kuma suna watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan ya shige kowane lungu. Jikin C90 da farantin ƙarfe aka yi shi, don haka bayanta, can ƙarƙashin kujera inda taya ke watso ruwa, yakan ruɓe har ka zura yatsa. Sai ka ga inji lafiya lau, gangar jiki ta tafi. A Kano ko Agadas kuwa iska a bushe take, ƙarfe na iya shekara da shekaru bai yi komai ba. Ƙura ce ke kashe mana inji. Ta bi ta matatar iska da ta yage, ko wadda wani ya cire ya yar wai don mashin ya ƙara gudu, ta shiga ta goge ringi da fistin, hayaƙi ya fara fita ta salansa. To inji ana sake shi, a gyara silinda a sa sabon fistin. Ruɓaɓɓen jiki ne ke da wuyar magani. Ke nan tsofaffin baburan da muke sayarwa a kilo suna da ainihin abin da Bature ke nema ido rufe.

Aikin da nake cewa mai babur ya yi da kansa ba wani babban ilimi ba ne. Ɗauki saita bawul a C90. Da safe ake yi, inji a sanyaye. Ka kwance murafu biyu masu kama da marfin kwalba a kan injin, ka buɗe gefen hagu, ka juya faifan ƙarfen da ke ciki har alamar T da ke jikinsa ta zo daidai da tsagar da ke jikin injin, ka taɓa ka ji hannuwan bawul biyun suna ɗan motsi. Sai ka zura siririn ma'auni mai kaurin milimita 0.05, wanda bai kai kaurin takardar rubutu ba. Ya kamata ya shige yana ɗan ja kaɗan. In ya ƙi shiga ko ya wuce salin-alin, ka sassauta ɗan notin, ka juya sukurun, ka riƙe shi da kyau lokacin ɗaurewa don kada ya gusa, ka sake aunawa. Kafin shayi ya huce ka gama. Bawul da ya matse shi ne ke sa mashin ƙin tashi, daga baya ya ƙone, kuma shiru yake yi ba ya kuka, shi ya sa kunne kaɗai ba ya isa.

Baƙin mai ma haka. Cikin injin nan bai cika lita ɗaya ba, kuma man da ke zagaya inji shi ne ke jiƙa kuloci da giya, don haka yana saurin gajiya. Wasu mayukan mota na zamani suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kulocin babur zamewa, gara a nemi wanda aka rubuta na babur ne. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, Allah kaɗai ya san tarihinsa.

Su ma nan suna da nasu ciwon kan. Tun watan Satumba na 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a Birtaniya yana ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100. Yana jan ruwa, yana cin tsofaffin robobin mai, kuma in babur ya kwana wata huɗu na sanyi da shi a ciki, sai ya daskare ya toshe ƙaramin ramin kafireta. Da bazara ta shigo kowa na zaune da kafireta a kan jarida yana hura ta. Maƙwabcina, wani dattijo mai BSA Bantam, kafin ya rufe nasa sai ya kashe makunnin mai ya bar inji ya shanye na ciki har ya mutu da kansa. Yana da ɗan littafi da yake rubuta ranar da ya canza mai da abin da mita ta nuna. Wannan littafin ya fi burge ni a kan fentin babur ɗin.

Ba duk abin da suke yi nake yabawa ba. Akwai masu kashe dukiya su mayar da babur ya fi yadda ya fito daga masana'anta ƙyalli, sannan su ɗora shi a bayan mota su kai shi baje kolin tsofaffin babura a garin Stafford, su dawo da shi bai taka kwalta ba. Za ka ji manya biyu suna musu a kan ko kan wani noti ya dace da shekarar ƙirar. Wannan wasan masu hali ne, kuma ba zan ce wa ɗan kabu-kabu a Maraɗi, wanda mashin ɗinsa ne abincin gidansa, ya kwaikwaye shi ba. Babur don hawa aka yi shi. Dattijon da har yau yake zuwa kasuwa a kan tsohuwar Vespa a cikin birnin Kano, ya goge ta da tsumma kowace safiya, ya fi su fahimtar abin.

Sai dai irinsa sun yi ƙaranci. Bayan ƙarin albashin Udoji da aka yi wa ma'aikatan gwamnatin Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, malamai da akawuna da ma'aikatan gona sun sayi babura ba kaɗan ba: Vespa, Honda CD175, Benly, Suzuki, Yamaha. A 1979 har Honda ta kafa masana'antar harhaɗawa a Ota ta jihar Ogun. A kan waɗannan baburan aka kai da yawanmu makaranta, ɗaya a kan tanki, biyu a baya. Da Jincheng ta shigo da arha, daga baya Bajaj ta biyo, sai gyaran tsoho ya zama kamar wauta. Alhali kayan gyaran ba su ɓace ba. Dangin Honda Super Cub, wato dangin C90 ɗin nan tawa, da aka fara a 1958, sun haura miliyan 100 a 2017, kuma har gobe ana ƙera kayansu a Tailan da Biyetnam. CG125 kuwa har yanzu sabuwa ake fitarwa a Pakistan.

In akwai irin wannan a soron gidanku, kada a fara da buga kik. A cire fulogi, a ɗiga ɗan mai a ramin, a bar shi ya kwana biyu, sannan a taka kik da hannu a hankali a ji ko fistin na motsi. A zubar da tsohon fetur, a haska cikin tanki a ga ko ya yi tsatsa, a wanke kafireta, a canza baƙin mai. Tayoyi kuwa a sake su ko da zanensu bai goge ba, domin roba na tsufa a tsaye.

Inda aka fi asarar su shi ne wajen rabon gado. Babur ba ya rabuwa, magada kuma suna da yawa, sai a ce a sayar a raba kuɗin, mai sayen da ke kusa kuwa ɗan gwangwan ne. Babu abin da ya hana ɗaya daga cikin 'ya'ya ya ce a yi masa kuɗi a gaban kowa, a lissafa a cikin kasonsa, ko ya biya 'yan uwansa. Wanda zai yi haka ya nemi takardun mashin ɗin tun ana zaman, ya duba lambar inji da ta jiki su dace da abin da ke rubuce, ya kuma sa a rubuta yarjejeniyar da shaidu.