Gawar ɗan wani ce kuke wa dariya

Samari, abin da na gani shekaranjiya a majalisa ya ɓata min rai matuƙa. Bidiyon kwale-kwalen 'yan ci-rani da ya kife a hanyar tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya ake miƙa wa juna, ana ta ƙyaƙyatawa. Wani ya ce "kwaɗayi mabuɗin wahala," wani ya ce "wanda bai ji bari ba ya ji hoho." Haba jama'a! Wasa da mamaci?

Su kansu mutanen Kanari talauci ya taɓa koro su teku. A 1919 jirgin ruwa mai tururi, Valbanera, ya bar Sifaniya da fasinja sama da 1,100, da yawansu talakawan Kanari masu tafiya neman abinci Kyuba. Fiye da 700 suka sauka a birnin Santiyago na Kyuba. Ranar 9 ga Satumba jirgin ya iso bakin tashar Habana, babban birnin Kyuba, cikin mahaukaciyar guguwa, shiga ta gagara, ya juya cikin teku. Sai bayan kwana 10 aka gano shi a nitse cikin yashi kusa da Key West ta Amurka. Mutum 488 suka tafi, ko gawa ɗaya ba a samu ba. Yau jikokinsu ne ke tsamo yaranmu daga ruwa. Duniya rawar 'yan mata ce.

Ba na goyon bayan wannan tafiya ta kasada, ko ta Agadas ce ko ta Muritaniya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai mai dariyar, ka san bashin da ya bari? Ka san uwar da ta sayar da akuyarta ta ba shi guzuri, har yanzu ba ta yarda wayarta ta mutu? Kuma mafi ƙarfin dariya su ne masu wuni a shagon caca, kuɗin data ma sai sun roƙa.

Annabi (SAW) ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin shahidai. Ya miƙe wa gawar Bayahude, da aka yi magana ya ce ai rai ce. Ku ji tsoron Allah, ku gyara.

Iyayenmu ko mutuwar baƙo suka ji a rediyo sai sun yi salati, hira ta tsaya. Yanzu kuwa a maƙabarta ma sai liman ya roƙi mutane su mayar da waya aljihu.