Marayun Batman da riƙon da babu ido a kansa

A shekarar 1940, shekara ɗaya bayan fitowar Batman a mujallar zane ta Detective Comics, marubutansa suka ba shi yaro. Iyayen Dick Grayson masu wasan lilo ne a kan igiya, wani ɗan daba mai suna Zucco ya sa aka lalata igiyar, suka faɗo suka mutu a gaban ɗansu. Attajiri Bruce Wayne, wato Batman ɗin kansa idan ya cire rigar jarumta, wanda shi ma a gabansa aka harbe iyayensa yana ƙarami, ya ɗauki yaron zuwa gidansa, ya koya masa faɗa da bin sawun masu laifi, daga nan yaron ya zama Robin, mataimakin Batman. Dalilin marubutan na ciniki ne, domin jarumin yana bukatar abokin magana, yara masu sayen mujallar kuma suna son ganin tsaransu a ciki. Duk da haka, abin da suka ƙirƙira ya zama ɗaya daga cikin labaran riƙon maraya mafi daɗewa a adabin Amurka.

Ina zaune a New York, birnin da aka kwaikwaya wajen zana Gotham, garin Batman, kuma 'ya'yan Hausawa da aka haifa a unguwannin Bronx suna tasowa da waɗannan labarai a bakinsu. Ni kuwa da idon wanda ya tashi a inda riƙo ba baƙon abu ba ne nake karanta su, kuma na daɗe da ganin cewa aibin Bruce Wayne a matsayin mariƙi yana cikin sirrin da ya lulluɓe gidansa.

Akwai abin da Bahaushe zai gane nan take. Dick bai zama ɗan Wayne ba, sunan mahaifinsa ya ci gaba da amsawa, kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta umarta a kira waɗanda aka riƙa da sunayen ubanninsu. Sai a 2001 marubuta suka sa Bruce ya mayar da shi ɗansa a takardar kotu. Haka kuma, lokacin da Dick ya ajiye rigar Robin a 1984 ya zama jarumi mai cin gashin kansa da sunan Nightwing, daga baya ya koma wani gari ya tsaya da ƙafafunsa, duk wanda ya san yadda ubangida a Kantin Kwari yake sallamar yaronsa da jari bayan shekarun hidima zai ce an bi hanya. Dick shi ne shaidar da masu kare Batman suke kawowa, kuma shaida ce mai ƙarfi.

Sai dai riƙon da na sani a gida ba ya yiwuwa a ɓoye. Idan goggo ta ɗauki ɗan ƙanenta, kowa a dangi ya san inda yaron yake kwana. Kawu zai biyo hanya ranar kasuwa ya duba shi, maƙwabciya za ta lura idan ya rame ko ya daina zuwa makarantar allo, kuma idan abin ya yi tsanani akwai wanda ke da ikon cewa a dawo mana da ɗanmu. A gidan Wayne babu mai wannan iko. Alfred, dattijon da ke hidimar gidan, yana da tausayi kuma yakan faɗi gaskiya, amma ma'aikaci ne, ba zai iya kama hannun yaro ya fita da shi ba. Malaman makarantar yaron ba su san inda yake zuwa da dare ba, kotun da ta ba da shi ma ba ta sani ba.

Labarin Jason Todd, Robin na biyu, ne ya fi nuna inda wannan yake kaiwa. A yadda aka sake tsara asalinsa a 1987, yaron titi ne da Batman ya kama yana kwance tayoyin motarsa. Yaro irin wannan, mai ɗauke da fushi da yunwa, abinci da makaranta da haƙuri yake bukata, amma sai aka ba shi rigar wani aka tura shi fagen fama. A 1988 ya tafi neman mahaifiyarsa har ƙasar Habasha, inda Joker, babban abokin gabar Batman, ya lakaɗa masa duka da ƙarfe ya bar shi a ɗakin ajiya da bam. Kamfanin DC mai buga mujallar ya bai wa masu karatu lambobin waya biyu su zaɓi ko ya rayu ko ya mutu, masu neman mutuwarsa suka yi rinjaye da ƙuri'a 5,343 a kan 5,271. Abin da ya fi damuna shi ne hujjar da aka kawo a 1989 domin shigo da Tim Drake a matsayin Robin na uku, wato Batman ya zama mai zafin hannu bayan rashin, saboda haka yana bukatar Robin. An binne yaro ɗaya, aka kawo wani domin ya kwantar da hankalin babba, alhali riƙo domin bukatar ƙarami aka yi shi.

Ba Batman kaɗai ba ne. A 1971, da wani jarumin zane mai suna Green Arrow ya gano yaronsa Roy Harper ya faɗa shan muguwar ƙwayar nan ta heroin, marinsa ya yi ya kore shi, ko da yake shi ne ya tafi yawo ya bar yaron shi kaɗai. Wata jaruma mai suna Black Canary ce ta zauna da shi har ya farfaɗo, kuma da babu wannan mutum ta uku da labarin ya ƙare daban.

Wannan ma'auni ya hau kanmu. Almajirin da aka kai gari mai nisa aka damƙa wa malami, shekara ta zagayo babu wanda ya zo daga gida ya ga abin da yake ci, yana cikin irin wannan duhun ne. Haka yarinyar da ake ɗaukowa daga ƙauye da sunan riƙo ta ƙare tana aikatau a Kano ko Abuja, daga asuba har dare, iyayenta ba su ma san lambar gidan ba. Mafi yawan malamai da iyayen ɗaki mutanen kirki ne, amma kirkin mutum ɗaya bai isa a jingina rayuwar yaro a kansa ba.

A nan Amurka hukuma ce ta maye gurbin kawu, domin doka ta wajabta wa malamai da likitoci su kai rahoto idan suka ga alamar cutarwa a jikin yaro. Mutanenmu da yawa suna ganin hakan shisshigi ne, kuma na fahimci tsoronsu, domin idon baƙo ne wanda bai san al'adarmu ba, yakan kuma yi kuskure. Wannan tsoron yana cikin dalilan da ke sa wasu mayar da 'ya'yansu gida, Kumasi ko Yamai ko Zariya, su sami tarbiyya a hannun ɗan'uwa. Ba na adawa da hakan. Abin da nake roƙon duk mai wannan niyya shi ne, kafin ya sayi tikitin jirgi, ya nemi mutum na biyu a wannan garin wanda ba a gidan yake ci ba, ya gaya wa mariƙin a gaban dangi cewa wannan mutum zai riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, zai keɓe da yaron su yi magana, kuma an ba shi izinin ɗauke shi ranar da ya ga abin da bai gamsu da shi ba.