Kafin ka ɗora wa tsohuwar kwamfutarka rufaffen direba

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani wajen sababbin shiga Linux, kuma ni ma na taɓa yin ta. Mutum zai ɗauko tsohuwar kwamfutar da Windows ta yi wa nauyi, ya ɗora mata Lubuntu ko Xubuntu ko Linux Mint mai Xfce, ta farfaɗo tana gudu kamar ba ita ba. Bai ko gama jin daɗinta ba, sai ya shiga cigiyar direban katin hoto, wato manhajar da ke sa tsarin ya iya sarrafa katin da ke fitar da hoto a allo, domin can inda ya fito haka aka saba: ana gama saka tsari sai a bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana biyu sai ka ji shi yana kuka, wai allo ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ke motsi sai ɗan layi yana ƙiftawa a kusurwa.

Lokacin da abin ya same ni ba wanda zan ɗora wa laifi. Da hannuna na sauke fayil daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, gargaɗi ya fito ɓaro-ɓaro cewa gara in bi ta rumbun manhajojin tsarina, na danna na wuce ban karanta ba. Ya yi aiki na ɗan lokaci. Ranar da kanel ya sabunta, wato zuciyar tsarin, sai na tsinci kaina ina kallon baƙin allo.

Abin da ya kamata ka fara yi shi ne sanin katin da ke cikin na'urarka. Buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lspci, ka nemi layin da ke ɗauke da VGA ko 3D. In ka ga Intel ko AMD, magana ta ƙare, je ka ci gaba da aikinka. Direbobinsu a buɗe suke, suna cikin kanel tun kafin ka kunna kwamfutar. Na AMD na zamani, amdgpu, ya shiga tun 2015, tsofaffin katunansu kuma direban radeon ke riƙe da su. Duk wannan muhawara a kan NVIDIA take.

Shi katin NVIDIA direba biyu gare shi a Linux. Akwai na kamfanin, wanda ba kowa ke ganin cikinsa ba, shi ne rufaffen direba. Akwai kuma nouveau, wanda masu sa kai suka gina ta hanyar lura da yadda katin ke amsa umarni, ba tare da an miƙa musu cikakken bayani ba. Shi ne ke nuna maka hoto tun ranar farko. Alaƙar kamfanin da al'ummar Linux ta daɗe da tsami. A 2012, a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya ce NVIDIA ne kamfani mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi, har ya ɗaga masa yatsa a gaban kyamara. Adalci dai shi ne a faɗi cewa abubuwa sun sassauta: a watan Mayun 2022 kamfanin ya buɗe ɓangaren direbansa da ke shiga kanel, amma ga katunan zamanin Turing zuwa sama kawai, wato daga jerin GTX 16 da RTX 20. Mai tsohon kati bai samu ko ƙwayar wannan rabo ba.

To ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Wa ke neman tsari mara nauyi? Galibi mai tsohuwar na'ura. Kuma tsohuwar na'ura ita ce ainihin inda rufaffen direba ya fi rauni. NVIDIA na yanke wa tsofaffin katuna reshen direba na musamman, ta kula da shi na wasu shekaru, sannan ta saki. Reshen 340, na irin su GeForce 8 da 9, an daina kula da shi a ƙarshen 2019. Reshen 390, na jerin 400 da 500, ya kai ƙarshen 2022. Reshen 470, mai riƙe da yawancin jerin 600 da 700, ya tsaya a 2024. Shi kuwa kanel ba ya jiran kowa, kusan kowane wata biyu zuwa uku sabo ke fitowa, kuma masu gina shi ba su taɓa alkawarin barin cikinsa yadda yake don wani direba na waje ba. In direba a buɗe yake a cikin kanel, duk wanda ya canza wani abu shi zai gyara direban tare. In a rufe yake, ranar da mai shi ya juya baya sai dai a yi ta yi masa faci daga waje, wata rana facin ya kama, wata rana ya ƙi. Ka ga ke nan mai katin 2010 da ya dage sai rufaffen direba, ɗaya zai zaɓa: ko ya maƙale a tsohon tsarin da ba a ƙara toshe masa kafofin tsaro, ko ya riƙa fargaba duk lokacin da sabuntawa ta zo. Don me? Don ya buɗe burauza ya yi rubutu? Wannan nouveau na yi masa shi lafiya lau.

Amma fa kada a ce na ce rufaffen direba ba shi da amfani. Masu jerin GTX 900 da GTX 10 su ne suka fi kowa bukatarsa. Daga wannan zamanin katin ba ya karɓar wasu umarnin sai daga manhajar da kamfanin ya sa wa hannu, saboda haka nouveau ba ya iya ɗaga gudunsa, sai ya zauna a gudun da ya tashi da shi, kamar mota mai ƙarfi da aka hana ta fita daga giya ta ɗaya. Haka mai wasannin kwamfuta, da mai aiki da manhajar zanen 3D ta Blender, da duk mai bukatar CUDA, fasahar NVIDIA ta ɗora wa katin lissafi mai nauyi. Waɗannan su saka, ba kunya a ciki. Masu cewa duk wanda ya taɓa rufaffiyar manhaja ya ci amanar tafiyar, ina girmama aƙidarku, amma mutum ya sayi katinsa ne don ya yi masa aiki.

In za ka saka, bi ta ƙofa. A dangin Ubuntu, umarnin ubuntu-drivers devices zai nuna maka wanda ya dace da katinka, sudo ubuntu-drivers install kuma ya saka shi, ko ka shiga Additional Drivers ka zaɓa da linzami. Mint na da Driver Manager. A Debian sai ka kunna rumbun non-free, nvidia-detect ya gaya maka kunshin da za ka ɗauka. Amfanin wannan hanya shi ne direban na tafiya tare da kanel, ko dai an riga an haɗa shi, ko wata manhaja mai suna DKMS ta sake gina shi duk lokacin da aka sabunta.

Abu ɗaya da ke kayar da mutane da yawa shi ne Secure Boot, matakin tsaron da ke hana manhajar da ba ta da sa hannu hawa lokacin tashin kwamfuta. In yana kunne kuma ta DKMS aka bi, za a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri, in ka sake kunnawa sai wani shuɗin allo ya fito yana maganar MOK, wato makullin da aka sa wa direban hannu da shi. Mutane kan tsorata su tsallake shi. Kada ka tsallake, zaɓi Enroll MOK ka shigar da kalmar, in ba haka ba kanel zai ƙi karɓar direban ko da an saka shi daidai. Bayan ka shiga, nvidia-smi zai tabbatar maka ko ya hau. Masu laftof mai kati biyu kuma ku san da prime-select, umarnin zaɓar katin da zai yi aiki, domin barin babban katin a kunne kullum na shanye batir ya sa fanka ta yi ta ihu, alhali sauƙi kuka zo nema.

Ni yanzu ba na taɓa direba sai na ajiye kwafin tsarin da manhajar Timeshift, don in iya komawa in abu ya ɓaci. In kuma baƙin allon ya riga ya same ka, fayilolinka na nan, ba abin da ya ɓace. Danna Ctrl da Alt da F3 tare, shiga da sunanka da kalmar sirrinka, ka cire kunshin nvidia da apt purge, ka sake kunnawa, nouveau zai dawo bakin aikinsa. In ko nan ɗin ya ƙi buɗewa, ƙara nomodeset a layin GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin, ka samu ka shiga tukuna, sannan ka yi gyaran daga ciki.